Sunan Ramin Babana

Ɗakin karatu na jami'ar Tawa, bayan azahar.
Fanka na juyi kamar mai ciwon wuya,
ni da na'ura muna kallon-kallo.
Akwatin nema fari fat, siriri,
baki buɗe, yana jiran abin da zan jefa masa.

Na rubuta: noma.
Takardu dubu ɗari huɗu suka taso mini,
shinkafar Sin, inabin Turawa,
alkamar da ban taɓa taka gonarta ba.
Madam Kuluwa mai tsaron littattafai
ta leƙo ta kafaɗata, ta kama baki:
"Ɗiyata, kin shiga kasuwa ranar Lahadi
kin ɗaga murya kin ce Alhaji.
Wa kike so ya waiwayo?"

Sai na ƙuntata. Na rubuta: tassa,
sunan da babana Nomau ke kiran ramukan
da yake sara a fako da diga,
can bayan Badagishiri, tun rana na dukan ƙeya.
Taki tafi guda a kowane rami,
gara ta ƙarasa masa aikin,
ruwan fari ya zo ya kwanta ciki, ya ƙi tafiya.

Na'ura ta yi jim, ta miƙo mini tara.
Uku sunan wani likitan ƙashi ne
a ƙasar da ban san gabas ɗinta ba.

"Buɗe wanda ya fi kusa," in ji Madam,
"duba ƙasan taƙaitawa.
Akwai kalmomi biyar ko shida da marubuci ya rataya
kamar layu a wuyan jinjiri.
Bi sawunsu."

Nan na ga Mosawa na ce masa zayi.
Bafaranshe ya kira shi da nasa harshen,
Ingilishi kuwa, da na fassara, wai girbin ruwa.
Girbin ruwa!
Shekara talatin tsohona yana girbin ruwa
ba wanda ya gaya masa.

Na jera sunayen a kayena, kowa da layinsa.
Tsakanin ƴan uwa na sa KO,
duk wanda ya amsa, nawa ne.
Tsakanin rami da hatsi na sa DA,
sai sun zo tare, hannu cikin hannu.
Likitan ƙashi na sallame shi da BAN DA,
Allah ya ba shi haƙuri.
Kalma biyu masu son rabuwa a hanya
na ɗaure su da alamar zance
kamar awaki a turke ɗaya.
Na liƙa tauraro a wutsiyar wata
don ta zo da ƴaƴanta da jikoki.

Kuran ya ɗauke.
Muka zauna cikin zafi, Madam na fifita da tsohuwar mujalla,
ni ina riƙe da kaye kamar kuɗin aro.

Da ya dawo, arba'in da uku.
Adadin da mutum zai iya gaisarwa ɗaya bayan ɗaya.
A ta goma sha bakwai akwai hoto:
wani ya duƙa bisa ramuka, hula ta rufe fuska,
an rubuta a ƙasa, wani manomi, Adar.
Na daɗe ina kallon gwiwar hannunsa.

Da dare na kira gida.
"Mi kika samu?" in ji shi, akuya na kuka bayansa.
Na ce ramukanka na da suna huɗu, Baba.
Ya yi dariya har da tari.
"To, su zo su kama mini. Saura ɗari shida kafin ruwa."

Ranar da zan miƙa kundina wa Dakta Cifkau
zan cika layin nan da kalmomin da duniya ke nema,
amma ta farko tassa ce,
ko da wata ɗiyar Adar za ta zauna kujerar nan
ta kira ramin da sunan gida.